SA HANNUN NA'URA: Abin Da Tsofaffin Injunan Wasa Za Su Koya Wa Masu Gyara A Jibiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama, inda ma'aikatan kwastan da na shige da fice suke tsaron ƙofar Nijeriya ta wajen Jibiya, ya san ba kowane buhu ake kwancewa ba. Da za a ce sai an zazzage kowace babbar mota an ƙirga abin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, da layin motoci ya miƙe har Ɗan Isa ta wancan ɓangare, ya kuma doshi Katsina ta wannan. Abin da ma'aikaci yakan yi shi ne ya karɓi takarda, ya dubi hatimi da sa hannu, ya gwada su da waɗanda ya sani. In sun dace mota ta wuce. In kuwa ba su dace ba, a nan ne za a ce wa direba ya raɓe gefe, a hau sauke kaya.

To, irin wannan dabara ce wasu injiniyoyi na ƙasar Amurka suka mayar hanyar gano cutar na'ura a cikin shekarar 1977, har suka raɗa mata suna binciken sa hannu. Ba sa hannun mutum ake nufi ba. Sa hannun na'ura ne, watau wasu haruffa huɗu tak da kowace waya ta cikin inji take bayarwa in tana da lafiya, waɗanda kuma sukan sauya da zarar wani abu ya taɓu. A yau wurin da aka fi ganin ana aiki da wannan hanya da hannu shi ne wajen masu farfaɗo da tsofaffin injunan wasa na shekarun 1970 da 1980. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mutumin Jibiya da injin wasan yaran Amurka wanda ya girmi Jihar Katsina kanta? Ruwansa yana nan, domin labarin ya zarce wasa. Magana ce ta takardar da ya kamata ta biyo kowace na'ura in za ta shigo ƙasa, wadda kuma galibi ba ta biyo ta.

INJIN DA KE CIN TSABA

Injunan da muke magana a kansu wasu akwatuna ne masu tsawon mutum, da gilashin talabijin a gaba, da 'yan maɓallai, da kuma wata kafa ta jefa kuɗi. A Amurka akan jefa tsabar santi 25, a Japan kuma tsabar yen 100, sa'an nan mutum ya yi wasa na 'yan mintoci. Kamfanin Atari ya fito da Pong a 1972. Kamfanin Taito na Japan ya fito da Space Invaders a 1978, Atari ya sake fitowa da Asteroids a 1979, Namco kuma ya kawo Pac-Man a 1980. Su ne kakannin abin da yaranmu ke bugawa yau a gidajen gem na Katsina da Maraɗi.

Ga mai irin wannan inji, ba wasa ba ne, jari ne, kamar yadda injin niƙa yake ga mai shi. Ranar da ya tsaya cik, ranar ba ciniki. Matsalar kuwa ita ce mutanen da ke gyaran injunan wasa a wancan zamani sun ƙware ne a kan na da, masu ƙarafa da wayoyi da ido ke gani. Sabon inji kuwa in an buɗe bayansa sai a tarar da wani faffaɗan allo kore, wanda masu gyaranmu ke kira fanel, an jera masa 'yan baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu da yawa, watau aisi, wani lokaci har fiye da ɗari. A tsakiyarsu akwai guda ɗaya da ke matsayin ƙwaƙwalwa. A cikin Asteroids ana kiranta 6502, tana kuma aiki da wani agogo mai bugawa sau miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa guda.

A nan ne tsohon ilmin gyara ya ƙare. Mai gyaran rediyo yakan ɗora mita a kan waya ya ga ko wutar ta kai yadda takarda ta ce. Amma a cikin wannan fanel, kowace waya abu biyu kaɗai take yi, ko dai akwai wuta ko babu, watau 1 ko 0, tana kuma sauyawa sau dubbai kafin ƙiftawar ido. Mita ba za ta nuna kome ba sai wani matsakaicin adadi maras ma'ana. In ma an kawo na'urar da ke zana motsin wuta a gilashi, abin da za a gani shi ne wani yamutsi, kuma yamutsin lafiyayyar waya da na mai ciwo duk kamarsu ɗaya a ido. Saboda haka sai aka koma ga cire fanel ɗungurungum a aika wa kamfani, a sa wani. Hanya ce mai sauri, amma fa mai tsada, kuma ba ta yiwuwa sai ga wanda yake kusa da kamfanin.

HARUFFA HUƊU

Kamfanin Hewlett-Packard na Kalifoniya shi ne ya kawo mafita. A 1977 ya fito da wata 'yar na'ura mai lamba 5004A, injiniyoyinsa kuma, irin su Robert Frohwerk da Gary Gordon da Hans Nadig, suka yi bayanin hikimarta a mujallun sana'a na wannan shekara. Na'urar tana da wani tsinke kamar alƙalami da ake taɓa ƙafar aisi da shi, da kuma wasu wayoyi da ake maƙalawa a jikin fanel. Ɗaya tana gaya mata lokacin da za ta fara saurare, ɗaya lokacin da za ta daina, ɗaya kuma tana kawo mata bugun agogon injin don ta san lokacin ɗaukar kowane 1 ko 0.

Yadda take taƙaita dubban lambobi su koma haruffa huɗu shi ne abin sha'awar, kuma ɗalibin da ya iya dara ba zai sha wuyar fahimtarsa ba. A ɗauka an haƙa gurabu 16 a jere, kowane gurbi ko dai da dutse a ciki ko babu. A farkon gwaji duka wayam suke. Duk bugun agogo ɗaya, sai kowane gurbi ya miƙa abin da ke cikinsa ga na gabansa, na ƙarshe ya zubar da nasa, na farko kuma ya karɓi sabo. Amma abin da zai shiga gurbin farko ba shi ne zallan abin da tsinke ya ɗauko ba. Sai an dubi gurbi na 7 da na 9 da na 12 da na 16, an ƙirga duwatsun da ke cikinsu, an haɗa da abin da tsinke ya kawo. In jimlar ta rabu biyu daidai ba saura, sai a bar gurbin farko wayam. In da saura, sai a jefa dutse. Ta haka duk lambar da ta shigo takan bar gurbinta a cikin duk abin da zai biyo baya, ko da an yi bugu dubu ɗari a bayanta. Sa'ad da aka ce tsaya, sai a raba gurabun nan 16 kashi huɗu, kowane kashi a ba shi harafi ko lamba ɗaya. Wannan shi ne sa hannun wayar.

Lissafi ya tabbatar da abu biyu. In lamba ɗaya tak ta kuskure a cikin dukan jerin, lalle sa hannun zai sauya, babu makawa. In kuma da yawa suka kuskure, yiwuwar su haɗu su ba da sa hannu na gaskiya bisa katari ba ta wuce ɗaya cikin 65,536 ba. Ma'aikacin kwastan da jabun takarda ke wuce shi sau ɗaya kawai a cikin motoci dubu sittin da biyar, ai sai a ba shi lambar yabo.

Akwai wani ɗan abu da ke nuna cewa waɗanda suka ƙera na'urar sun yi tunanin mai gyara, ba injiniya kaɗai ba. Haruffan da take nunawa su ne 0 zuwa 9, sa'an nan A, C, F, H, P, U. Masana lissafin kwamfuta sun saba da A zuwa F a jere, amma a ɗan gilashin na'ura harafin B yakan yi kama da 8, D kuma da 0, mutumin da ya gaji da aiki sai ya karanta ba daidai ba. Sai suka zaɓi haruffan da ba su rikita ido. Ba a kuma bukatar mai gyara ya san ma'anarsu. Ba su ma da wata ma'ana. Aikinsa shi ne ya dubi gilashi, ya dubi takarda, ya ga ko sun dace.

Sai dai akwai sharaɗi. Ba a gwada sa hannu sai injin yana maimaita abu ɗaya, daidai wa daida, kowane zagaye. In ana cikin wasa, abin da ke gudana a wayoyi yana sauyawa da motsin hannun mai wasa, ba za a sami sa hannu tsayayye ba. Don haka sai a yi wa ƙwaƙwalwar wayo. Akan raba ta da layukan da ke kawo mata umarni, a ɗaure ƙafafunta yadda kullum za ta riƙa karanta umarni guda, wanda ma'anarsa ita ce kada ki yi kome, wuce gaba. A wajen 6502 lambar wannan umarni EA ce. Daga nan sai ta kama ƙirga adireshin ɗakunan ajiyarta tun daga na farko har na 65,536, ta koma farko, ta sake, kamar mai gadi da ke zagaya rumfunan kasuwa yana taɓa kowane kwaɗo. Da yake takan ɗauki bugu biyu a kan kowane adireshi, zagaye ɗaya bugu 131,072 ne, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

Mai gyara na ƙwarai ba ya fara taɓa aisi. Yakan fara auna wutar da ke ciyar da fanel da mita, ya tabbata bolt 5 ce cif, domin sau da yawa ciwon daga nan yake, musamman a tsohon inji da kwandansojinsa suka bushe. Sa'an nan ya ɗora tsinke a wayar ƙasa, ya ga 0000. Ya ɗora a wayar bolt 5. In zagayen bugu 65,536 ne zai ga 0001, in kuma 131,072 ne zai ga 0003. Wannan gwaji ba na fanel ba ne, na shi mai gyaran ne, don ya san ya maƙala wayoyinsa daidai. Bayan haka sai ya bi layukan adireshi goma sha shida ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ga 'yan ƙwayoyin da ke rarraba adireshi, ya kai ga waɗanda aka rubuta wasan a cikinsu.

In ya ci karo da sa hannun da bai dace da takarda ba, ba nan take zai ɗauko dalma ba. Mutanen Jibiya sun san gulbin da ya ratsa ta wajensu, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake komowa Nijeriya ya faɗa Rima. In aka ga ruwa ya gurɓace a Maraɗi, ba a Maraɗi za a tsaya neman dalili ba, sai a bi gulbi a yi sama, ana dubawa, har a kai inda ruwa ya shigo garau ya fita da laka. Haka mai gyara zai bi zanen fanel da baya da baya, har ya sami aisin da abin da ke shigarsa daidai ne, abin da ke fitarsa kuma ba daidai ba. Ko a nan ma mai hankali yakan dakata, domin wani lokaci aisin lafiyarsa lau, ɗigon dalma ne ya haɗe waya biyu, ko kuma wani maƙwabcinsa ne da suke tarayya a waya ɗaya yake janye wutar.

Kamfanin Atari ya rungumi wannan hanya sosai. A cikin Battlezone na 1980 da Tempest na 1981 akwai wani sashe da aikinsa lissafi ne kawai, wanda aka gina da ƙwayoyi huɗu masu lamba 2901 na kamfanin AMD, kuma kusan ba yadda za a gane ciwonsa da ido ko da mita. Sai kamfanin ya buga sa hannun wayoyin wannan sashe a cikin takardun gyara da ke biyo injin, ya kuma ƙera akwatin gwaji nasa mai suna CAT Box wanda ke karanta sa hannu. Yau fiye da shekara arba'in ke nan, kamfanin na wancan zamani ya daɗe da wargajewa, amma mutumin da ya sami wannan takarda yana iya zama a ɗakinsa ya gano ƙwaya ɗaya da ta mutu a cikin ɗari, ya sauya ta, injin ya tashi.

INDA DABARAR TA GAZA

Kada mai karatu ya ɗauka maganin kowace cuta ce. Sa hannu yana cewa akwai ɓaraka ne kawai, ba ya faɗin irinta. In wayoyi suka yi zobe, watau abin da ya fita ya zagayo ya sake shiga, to, ciwo ɗaya zai ɓata sa hannun dukan zoben, sai an tsinke shi kafin a gane mai laifi, kuma wannan sai in maƙerin injin ya tanadi wurin tsinkewa tun farko. In kamfani ya sauya ko da harafi ɗaya a cikin shirin wasan, tsohuwar takarda ta tashi aiki a wannan sashe. Da ƙwayoyi suka ƙara ƙanƙancewa, aikin ɗari ya koma cikin guda, ƙafafunsu kuma suka ɓuya a ƙarƙashi inda tsinke ba ya kaiwa, sai hanyar ta ja baya. A 1990 aka amince da wata sabuwar ƙa'ida da ake kira JTAG, wadda ke ba da damar tambayar ƙwaya lafiyarta ta wasu 'yan wayoyi kaɗan. Amma lissafin gurabun nan bai mutu ba, ya koma cikin ƙwayoyin ne, suna gwada kansu da kansu, kuma danginsa ne ke tantance saƙonnin da ke yawo a intanet don a san ba su lalace a hanya ba.

Babbar gazawarta dai guda ce. In babu takardar da ta faɗi sa hannun gaskiya, ko wani lafiyayyen fanel da za a kwafa daga jikinsa, na'urar gwajin ba ta fi dutse amfani ba.

KAYAN DA KE SHIGOWA BA TAKARDA

Mu komo Jibiya. Garin yana kan tsohuwar hanyar fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi, tafiyar da duka-duka ba ta kai kilomita 100 ba, kasuwarsa ta ranar Lahadi kuma tana tara mutanen ƙasashen biyu. Shekara da shekaru kaya kan sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su haura Nijar, su gangaro Nijeriya ta nan, wasu kuma su fito daga Kano su yi arewa. A cikin abin da jama'ar wannan yanki ke amfani da shi yau akwai talabijin da rediyo da wayar hannu da injin mayar da wutar batir ta gida da na'urar cajin sola, da yawansu na hannu ne, sun ga jiya sun ga yau a wata ƙasa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da wata cibiya ta Nijeriya a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Ba a maganar takardar gyara a irin wannan ciniki. Ko kwalin ma ba ya zuwa.

Ga shi kuma ƙasarmu ba ta raga wa na'ura. Abin da aka ƙera don wutar Amurka mai bolt 120 ko ta Japan mai bolt 100, in aka soka shi a tamu mai 230 ba tare da taransifoma ba, sai hayaƙi. Wanda ya tsallake wannan kuma yana da zafin bazara a gabansa, da ƙurar hunturu, da wutar janareta mai hawa da sauka. Sa'an nan iyakar kanta ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986. An sake rufewa a Agustan 2019, ƙofar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka kuma rufewa har Maris na 2024. Duk lokacin da haka ta faru sabon kaya yakan yi tsada, kayan gyara su yi wuya, sai kowa ya tuna da mai gyaran da ke zaune a 'yar rumfa da mitarsa da dalmarsa.

Wannan bawan Allah ba a rasa shi da basira ba. Abin da ya rasa shi ne abin gwadawa. Shi ya sa sau da yawa hukuncinsa ba ya wuce cewa fanel ya tafi, a sayo wani, alhali mai yiwuwa ƙwaya ɗaya ce ta 'yan kuɗi kaɗan ta ƙone. Wani kuma sai ya shiga sauye-sauye bisa ƙiyasi, ya cire wannan ya cire wancan, har ya ƙarasa abin da aka kawo masa da sauran numfashi, mai kaya ya tafi yana cewa an cuce shi.

Abin mamaki shi ne masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre ta Kano da yaran da suka koya a hannunsu suka bazu garuruwa, sun riga sun kama bakin zaren ba tare da sun san sunansa ba. Sukan juya mita zuwa wajen gwajin dayod, su ɗora jan tsinke a ƙasan fanel, su bi ƙafafu da baƙin, suna gwada lambar da ta fito da ta lafiyayyar waya irinta. Wannan ƙanen binciken sa hannu ne. Akwai ma wani nau'insa da kamfanin Huntron na Amurka ya shahara da shi, wanda ake yi wa fanel ba tare da an kunna shi ba. Akan tura 'yar wuta kaɗan tsakanin wurare biyu, na'ura ta zana hoto a gilashi. In wayoyi sun haɗe sai a ga layi a tsaye, in sun tsinke a ga layi a kwance, kwandansa takan zana ƙwai, dayod kuma gwiwa. Wannan nau'i shi ya fi dacewa da kayan zamaninmu, kuma ba ya bukatar izinin kamfani. Abin da yake bukata shi ne wani ya zauna da lafiyayyen fanel, ya auna, ya rubuta.

A ganina wannan aiki ne da ya dace da ɗaliban sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina da takwarorinta. Maimakon kowace shekara a ƙera abu ɗaya da zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura, a tura ɗalibai kasuwar Jibiya su gano injunan batir da na cajin sola guda goma da aka fi saye, su auna lafiyayyunsu wuri-wuri, su buga ɗan littafi da Hausa wanda mai gyara a Magama da na Ɗan Isa za su iya karantawa, tun da ɗaya bokon Ingilishi ya yi, ɗayan kuma na Faransanci.

GA MASU SA HANNU A KWANGILA

Saura ma'aikatan gwamnati, waɗanda su ne ke sayen manyan na'urori da kuɗin jama'a. A Janairun 2006 Gwamnatin Tarayya ta koma duba kaya bayan sun iso ƙasa, ta ba kamfanoni uku kwangilar kafa na'urorin haska kaya a tashoshi da iyakoki, watau Cotecna da SGS da Global Scan, Jibiya kuma tana cikin rabon Cotecna. Manufar ita ce a ga cikin mota ba tare da an sauke ta ba. A Disambar 2013 aka miƙa aikin ga Hukumar Kwastan, kuma cikin 'yan shekaru jaridu suka cika da labarin cewa yawancin na'urorin nan a faɗin ƙasa sun daina aiki, an koma duba kaya da hannu. Waɗanda suka yi makarantar sakandare a shekarun 1980 kuma za su tuna da injunan koyon sana'a da aka shigo da su daga ƙasashen Gabashin Turai don tsarin 6-3-3-4, waɗanda da yawansu suka tsufa a cikin akwatunan da suka zo.

Kowane irin wannan labari yana da dalilansa, na kuɗi da na wuta da na ma'aikata. Amma akwai tambayoyin da jami'in da ke karɓar na'ura zai iya yi tun ranar farko, kuma ba su cin ko kwabo. Ina zanen cikinta? Ina takardar da ta faɗi abin da za a gani a kowane wurin gwaji in tana lafiya? In akwai lambar sirri ta shiga sashen gwaji, a hannun wa take? Wa aka koya wa, kuma in an yi masa canjin wurin aiki wa zai gaje shi? Turawan da ke sayar mana da kayan sun fara tilasta wa kamfanoninsu irin wannan a gida. Tun Janairun 2021 Faransa ta wajabta a liƙa wa wasu kayan lantarki maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu, kuma samuwar takardun gyara na cikin abin da ake dubawa. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara. Abin da kamfani ya riga ya rubuta domin mai gyaran Faransa, ba shi da hujjar hana mai saye daga Nijeriya in an sa shi a cikin yarjejeniya.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓi kwangilarsa, Jibiya kuma tana kan hanyarsa. Layin dogo na zamani ba ƙarfe da tsakuwa kaɗai ba ne. Yana zuwa da na'urorin ba da hannu da na sadarwa da na sayar da tikiti, kowace da fanel a cikinta, kuma za su zauna ne a cikin zafi da ƙurar da muka ambata. Wata rana 'yan kwangila za su naɗe kayansu su koma gida, wata fitila a tashar Jibiya ta ƙi kamawa, a kira wani matashin ma'aikaci da mita a hannu ya buɗe akwatin. Ko zai tarar da takardar gwaji a maƙale a bayan ƙofar, wannan a wani ofis na Abuja ake yanke shi, a cikin fayil ɗin kwangilar.